Sidin Gana, 1958–2007: Canjin Kuɗi da Amanar Jama'a

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin sauye-sauyen da kuɗin ƙasar Gana ya fuskanta daga shekarar 1958 zuwa 2007. Ta raba su gida biyu: waɗanda suka taɓa suna da lissafin kuɗin kawai, da waɗanda suka rage wa jama'a abin da ke hannunsu. Maƙalar ta nuna cewa matakan 1979 da 1982 ne suka fi yi wa sidi illa, domin a cikin shekara uku hukuma ta hukunta mai ajiya a gida, ta kuma hukunta mai ajiya a banki. Ta kuma bayyana dalilin da ya sa canjin 2007 ya wuce lami lafiya.

1.0 Gabatarwa

Takardar kuɗi alkawari ce. Mai karɓar ta ya yarda ne cewa gobe wani zai karɓa daga gare shi, kuma hukumar da ta buga ta ba za ta juya mata baya ba. A tarihin Gana an gwada wannan alkawari sau da dama. Cikin shekara hamsin ƙasar ta yi amfani da fam ɗin Gana, da sidi, da sabon sidi, da sidin Gana na yanzu, ban da lokuta biyu da aka janye takardun kuɗi daga hannun mutane ala tilas. Akasarin abin da ake rubutawa kan wannan tarihi yakan tsaya ne a kan farashin dala da hauhawar farashin kaya. Wannan maƙala ta duba lamarin ta fuskar mai riƙe da kuɗin: manomin koko, da matar kasuwa, da ɗan kasuwar zango wanda jarinsa na goro ko shanu yake yawo a tsaba.

2.0 Daga Wuri Zuwa Fam

Kafin zuwan Turawa, garin zinariya ne kuɗin Asante, yayin da wuri ke ci a kasuwannin arewa irin su Salaga, inda fataken Hausa suke sayen goro. Sunan sidi ma ya samo asali ne daga kalmar da Akan ke kiran wuri da ita, kamar yadda kalmar kuɗi a Hausa take jam'in wuri. Babu sarkin da ya buga wuri, saboda haka babu wanda zai wayi gari ya soke shi da shela.

A shekarar 1912 Ingila ta kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa samar da kuɗi bai ɗaya ga Nijeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da a lokacin ake kira Gwal Kos. Ƙa'idar hukumar mai sauƙi ce: duk fam ɗin da aka fitar sai an ajiye kwatankwacinsa a Landan. Wannan ya sa kuɗin ya tsaya da ƙafarsa, kuma sulen da aka karɓa a Kano yana ci a Kumasi ba tare da canji ba. Aibin tsarin shi ne ajiyar ƙasa tana zaune a waje, gwamnati kuma ba ta da ta cewa kan yawan kuɗin da ke yawo. Masu fafutukar 'yanci sun ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na mulkin mallaka, shi ya sa aka kafa Babban Bankin Gana a ranar 4 ga Maris 1957, kwana biyu kafin samun 'yancin kai. A watan Yulin 1958 bankin ya fitar da fam ɗin Gana, daidai wa daida da fam ɗin Ingila.

3.0 Sidin Nkrumah da Sabon Sidi

A ranar 19 ga Yuli 1965 gwamnatin Kwame Nkrumah ta bar lissafin fam da sule da kwabo, ta koma lissafin goma-goma. Sidi 1 ya zama pesewa 100, kuma an daidaita shi da sule 8 da kwabo 4, wato kwabo 100 cif. Hikimar ita ce pesewa ɗaya ta zo daidai da tsohon kwabo ɗaya, don kada mai ƙaramin ciniki ya rikice. Hoton Nkrumah ne a kan takardun da kuma sulallan.

Wata bakwai bayan haka, a ranar 24 ga Fabrairu 1966, sojoji suka hamɓarar da shi. A watan Fabrairun 1967 suka fitar da sabon sidi wanda babu hotonsa, aka daidaita shi da tsohon sidi 1.20, wato sule 10. Dalilin siyasa a fili yake, amma akwai na lissafi ma, domin sidi 2 su zama fam 1 ya fi sauƙin ƙirga. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan sauye-sauye uku babu wanda aka rage wa ko kwabo. Abin da mutum ya kai banki, kwatankwacinsa yake komawa da shi gida.

4.0 Sidi Mai Farashi Biyu

Matsalar ta soma ne daga farashin canji. A watan Yulin 1967 an karya darajar sidi da kashi 30 cikin 100. A watan Disambar 1971 gwamnatin Kofi Busia ta sake karya ta da kashi 44 cikin 100, kuma bai cika wata guda ba Kanar Ignatius Acheampong ya kifar da ita, ranar 13 ga Janairu 1972. Acheampong ya ɗaga darajar sidi da umarni, daga bisani aka tsayar da dala a sidi 1.15. Darasin da masu mulki suka ɗauka shi ne taɓa farashin canji yana cin kujera, saboda haka suka bar shi a daskare alhali gwamnati tana cike giɓin kasafinta da rance daga Babban Banki. A 1977 hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100.

Da haka sidi ya zama yana da farashi biyu, na hukuma da na kasuwar bayan fage. Wanda ya samu lasisin shigo da kaya yakan sayi dala da araha ya sayar da kayan da tsada, ɗabi'ar da mutanen Gana suka laƙaba wa suna kalabule. Manomin koko kuwa, da yake hukumar sayen koko tana biyan sa da sidin da ba ya sayen komai, sai ya riƙa tsallakar da amfaninsa zuwa Kwaddibuwa da Togo don ya karɓi sefa. Kokon da ƙasar ke saye a hukumance ya faɗo daga sama da tan 500,000 a tsakiyar shekarun 1960 zuwa ƙasa da tan 200,000 a kakar 1983/84. A 1978 gwamnatin Janar Fred Akuffo ta mayar da dala sidi 2.75, amma kasuwar bayan fage ta riga ta yi nisa.

5.0 Matakan 1979 da 1982

A watan Maris 1979 gwamnatin Akuffo ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba da wa'adin kimanin mako biyu a kawo tsofaffin takardu a karɓi sababbi. A wannan karo ba daidai wa daida aka biya ba. Har zuwa sidi 5,000, kowane sidi 10 ana ba mutum 7. Abin da ya haura haka kuwa rabi ake biya. Wanda ya kai sidi 1,000 ya koma da 700. Kuɗin da ke ajiye a banki ba a taɓa shi ba. Manufar da aka bayyana ita ce rage yawan kuɗin da ke yawo da kuma kashe takardun da 'yan fasa-ƙwauri suka tara a ƙetare.

Sai dai a tambaya, wa ke riƙe da tsaba a Gana ta 1979? Babban ɗan kasuwa mai lasisi yana da asusu, wani ma a ƙetare. Masu tsaba su ne mutanen karkara da rassan banki suka yi wa nisa, da matan kasuwa, da fataken goro da dillalan shanu na zangunan Kumasi da Akra, waɗanda cinikinsu hannu da hannu ne. Su kuma mutanen zango suna da wani ƙarin dalili na son dukiyar da za a iya ɗauka a tafi: shekara goma kafin nan, a watan Nuwambar 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice, mutane da yawa suka bar gidaje da rumfuna a baya. Da wannan mataki hukuma ta nuna wa irin waɗannan mutane cewa ajiya a gida asara ce.

Shekara uku ba su cika ba aka juya musu lissafin. Bayan Jerry Rawlings ya sake karɓar mulki ranar 31 ga Disamba 1981, a farkon 1982 gwamnatinsa ta janye takardar sidi 50, wadda ita ce mafi girma a lokacin. Waɗanda suka miƙa nasu takardar shaida aka ba su a maimakon kuɗi, hauhawar farashi kuma tana cinye darajar abin da suke jira. Haka nan aka rufe asusun da ke ɗauke da fiye da sidi 50,000 har sai mai shi ya bayyana gaban kwamitin bincike ya faɗi inda ya samo dukiyarsa. Wanda ya ɗauki darasin 1979 ya kai kuɗinsa banki, shi ne ya tsinci kansa a gaban masu tuhuma.

A nan ne illar ta yi zurfi. Idan ajiya a gida da ajiya a banki duk suna da haɗari, abin da ya rage wa mai hankali shi ne ya rabu da sidi da zarar ya shigo hannunsa, ya mayar da shi dala ko sefa ko buhunan kaya ko fili. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ajiyar jama'a a bankuna ta ragu ƙwarai idan aka auna ta da girman tattalin arzikin ƙasar, bankuna suka rasa abin ba da rance, buƙatar kuɗin waje ta ƙaru. Matakan da aka ɗauka don kashe kasuwar bayan fage su suka ƙara mata ciniki, har farashin dala a can ya ninka na hukuma sau ashirin ko fiye. Hauhawar farashin ma ba ta sauka ba, domin tushenta giɓin kasafi ne, kuma janye takardu ba ya rufe giɓi. A 1983, shekarar fari da gobarar daji da dawowar kimanin mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya, ta sake haura kashi 100 cikin 100.

6.0 Hanyar Gyara da Canjin 2007

A watan Afrilun 1983 gwamnatin Rawlings ta sauya alƙibla. Ƙarƙashin jagorancin sakataren kuɗi Kwesi Botchwey ta ƙulla yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. A watan Oktoba dala ta koma sidi 30, a 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje, a 1988 kuma aka ba wa shagunan canji masu zaman kansu lasisi. Sana'ar da ake kamun mutane a kanta ta zama halal a idon doka, ratar da ke tsakanin farashin biyu ta kusa rufewa. Sidi dai ya ci gaba da zubewa, har a 2002 aka fitar da takardar sidi 20,000, wadda ba ta wuce kimanin dala 2 ba. Mai sayen saniya sai ya ɗauki kuɗi a jaka.

A watan Yulin 2007, zamanin shugaba John Kufuor da gwamnan Babban Banki Paul Acquah, aka yanke sifili huɗu: tsohon sidi 10,000 ya zama sidin Gana 1. Abubuwa uku suka bambanta wannan canji da na 1979. Na farko, an sanar da shi tun watan Nuwambar 2006, aka shafe watanni ana wayar da kan jama'a cewa darajar kuɗinsu tana nan yadda take. Na biyu, tsoho da sabo sun yi wata shida suna ci tare, bayan wa'adin ma ƙofar canji a banki ba ta rufu ba, kuma ba a tambayi kowa inda ya samo kuɗinsa ba. Na uku, gyara ya riga canji zuwa: dokar 2002 ta ba Babban Banki 'yancin gudanarwa ta kuma iyakance rancen da zai ba gwamnati, an yafe wa ƙasar wani kaso na bashinta a 2004, hauhawar farashi kuma ta sauko kusa da kashi 10 cikin 100. Tsarin ya nuna an fahimci irin tsoron da kalmar canjin kuɗi ke tayarwa a zukatan waɗanda suka ga 1979 da 1982.

7.0 Kammalawa

Tarihin sidi ya nuna cewa jama'a suna jure sauyin suna da hoto da lissafi cikin sauƙi, har yau ma akwai dattawan kasuwa da ke kiran sidi 100 miliyan ɗaya ba tare da cinikinsu ya rikice ba. Abin da ba sa mantawa shi ne ranar da hukuma ta rage musu abin da suka tara. Wannan batu bai zama tsohon labari ba. Lokacin canjin 2007 dala ɗaya ba ta kai sidi ɗaya ba; a 2022 ta haura sidi 10, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, gwamnati kuma ta sauya sharuɗɗan takardun lamunin da ta sayar wa 'yan ƙasa. A farkon 2023 an ga 'yan fansho suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akra. Waɗannan su ne mutanen da suka amsa kiran hukuma suka ajiye dukiyarsu a sidi. Duk gwamnatin da ke tunanin warware matsalar kasafinta daga aljihun masu ajiya ya kamata ta tuna cewa Gana ta ɗauki kimanin shekara ashirin da biyar kafin ta iya canza takardun kuɗinta ba tare da jama'a sun firgita ba.