Gwamnatin Farko ta Sudan da Matsalolin da Isma'il al-Azhari Ya Fuskanta, 1954–1956

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi matsaloli uku da suka dabaibaye gwamnatin farko ta 'yan ƙasa a Sudan, wato batun Masar, da na ɗariku, da na Kudu. Jagoran gwamnatin, Isma'il al-Azhari, haifaffen Omdurman ne, kuma tsohon malamin makaranta. Bayan yarjejeniyar Ingila da Masar ta Fabrairun 1953, an yi zaɓe a ƙarshen shekarar, inda jam'iyyarsa ta NUP ta lashe fiye da rabin kujeru 97 na majalisar wakilai. A Janairun 1954 ya zama Firayim Minista.

2.0 Batun Masar

Al-Azhari ya ci zaɓe ne da alkawarin haɗe Sudan da Masar, abin da jam'iyyar Umma ta ce ba za ta saɓu ba. Ranar 1 ga Maris, 1954, shugaban Masar Janar Muhammad Najib ya sauka Khartum domin buɗe majalisa. Dubban Ansaru, mabiyan gidan Mahadi, suka fito zanga-zanga, suka yi arangama da 'yan sanda, aka yi asarar rayuka, har aka ɗage bikin. Wannan ya nuna wa al-Azhari cewa haɗewar na iya jawo yaƙin basasa. Da Jamal Abdul Nasir ya tuɓe Najib a Nuwamban 1954, sai sha'awar haɗewa ta ƙara dusashewa, domin Najib a Khartum aka haife shi, kuma Sudaniyawa na ganinsa nasu. Daga nan al-Azhari ya juya ga neman cikakken 'yanci, majalisa ta amince ranar 19 ga Disamba, 1955, aka ɗaga tutar Sudan ranar 1 ga Janairu, 1956.

3.0 Ɗariku da Jam'iyyu

A wancan zamani ƙuri'un Arewacin Sudan na hannun shehunai biyu ne: Sayyid Abdurrahman al-Mahadi na Ansaru, wanda ke bayan Umma, da Sayyid Ali al-Mirgani na ɗarikar Khatmiyya, wanda ke bayan NUP. Al-Azhari ya so 'yan boko su riƙe siyasa ba tare da jiran umarnin shehunai ba. Shehunan biyu, duk da daɗaɗɗiyar gabar da ke tsakaninsu, sai suka gana a Disambar 1955 suka haɗa kai. A Yunin 1956 'yan Khatmiyya suka ɓalle suka kafa jam'iyyar PDP, a watan Yuli kuma majalisa ta kayar da al-Azhari, Abdullahi Khalil na Umma ya gaje shi.

4.0 Matsalar Kudu

Turawa sun daɗe suna mulkin Kudu dabam da Arewa, ilimin boko kuma bai yaɗu a can ba. Da aka zo raba muƙamai kusan 800 da Turawa suka bari, waɗanda 'yan Kudu suka samu ba su wuce shida ba. Ranar 18 ga Agusta, 1955, sojojin Kudu suka yi bore a garin Torit, mutane fiye da 300 suka mutu, akasarinsu 'yan Arewa. Domin samun ƙuri'un wakilan Kudu a kan 'yanci, majalisa ta yi alkawarin duba buƙatarsu ta tsarin tarayya, amma daga baya aka yi watsi da ita.

5.0 Kammalawa

Daga cikin matsalolin uku, ta Masar kaɗai al-Azhari ya warware. Rikicin jam'iyyu ya ci gaba har Janar Ibrahim Abbud ya ƙwace mulki ranar 17 ga Nuwamba, 1958. Alkawarin da aka saɓa wa Kudu kuwa ya zama tushen yaƙin da sai a 1972 aka tsayar da shi a Addis Ababa, ya sake ɓarkewa a 1983, daga bisani Kudu ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a 2011.