Jego a Lokacin Annoba: Tarihin Zullumin Iyaye Mata a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran gundumomin masarautar Katsina, al'ada ba ta barin macen da ta haihu ita kaɗai. Jego, wato kwana arba'in na farko bayan haihuwa, yana da tsarinsa tun kaka da kakanni: mai cikin fari takan koma gidan iyayenta idan cikin ya tsufa, abin da ake kira goyon ciki, ungozoma ta karɓi haihuwa ta yanke cibi, wata dattijuwa kuma ta ɗauki nauyin wankan ruwan zafi safe da yamma da damun kunun kanwa, 'yan barka na shiga suna fita har ranar suna. Likitoci sun soki wani sashe na wannan tsari, domin binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta tsananin zafin wanka da yawan shan kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Duk da haka, jego yana da amfanin da ba a cika ambata ba, wato kwantar da hankalin maijego, tunda duk abin da ya tsorata ta game da jinjiri akwai babba kusa da za ta tambaya.

Wannan taro da ke rufa wa maijego asiri shi ne annoba take mayarwa abin tsoro. A zamanin agana, cutar da ke fesowa a jiki ta kashe yara ko ta bar su da zanzana da makanta, akan jingina ciwon ga iskoki, uwa kuma ba ta da madogara sai laya da rubutun sha da addu'a, har zuwa lokacin da gangamin lamba, wato rigakafin da ake yi a dantse, ya kawar da cutar daga Nijeriya a 1970. Sanƙarau ya fi dagula al'amari, saboda yana zuwa ne da bazara, yana kuma yaɗuwa a ɗakin da ke rufe cike da jama'a, wanda shi ne ainihin siffar ɗakin jego. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano cikin wannan shekara ya bar zargin da ya daɗe yana bin allurar rigakafi a Arewa. Tun daga nan uwa ta shiga tsaka mai wuya, tana tsoron cuta tana kuma shakkar magani.

Cutar korona ta taɓa tushen al'adar kanta. A watan Afrilun 2020, bayan an tabbatar da ɓullar cutar, Gwamna Aminu Bello Masari ya sanya dokar kulle a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, aka takaita zirga-zirga da taruka. Hakan na nufin uwar maijego da ke wani gari ba ta da halin zuwa, taron suna ya ragu, magidancin da ke neman na yau da gobe ya rasa kuɗin itacen wanka, mata da yawa kuma suka riƙa ɗari-ɗari da asibiti. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan yankin ta ƙara raba mata da danginsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, wanda alamominsa suka haɗa da rashin barci, yawan kuka da fargabar da ba ta yankewa. Tarihin wannan yanki ya nuna cewa duk matakin yaƙi da annoba da ya raba maijego da masu kula da ita yana tare wata cuta ne ya buɗe wa wata ƙofa. Saboda haka wajibi ne hukumomin lafiya da hakimai da malamai su tanadi yadda ungozoma ko dattijuwa guda za ta ci gaba da isa ga kowace maijego ko da an hana taro, ma'aikatan asibiti kuma su riƙa tambayar uwa halin da zuciyarta ke ciki a duk ranar da ta kawo jinjiri rigakafi.