Baƙar Fatar Amurka: An Ba Su Doka, To Ina Jarin?

 A wannan fitowa za mu ɗan leƙa Amurka ne, mu dubi tarihin 'yan'uwanmu baƙar fata da ke can. Da yawa cikinmu kan ce ai tunda Barack Obama ya hau kujerar shugaban ƙasa a 2009, magana ta ƙare. Su can ba haka suke gani ba. Sama da shekara sittin ke nan da soke dokokin wariya, amma har yau kukansu ɗaya ne, cewa tafiyar ta yi nawa.

Ba mu ce ba a sami kome ba. A 1954 Kotun Ƙoli ta hana raba makarantun gwamnati tsakanin baƙi da fari. A 1955 aka kama Rosa Parks a garin Montgomery don ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a bas, sai baƙar fatar garin suka ƙaurace wa bas-bas har kwana 381. A 1964 aka yi dokar hana wariya a wurin aiki da otal da gidan abinci, a 1965 kuma aka yi ta kare 'yancin jefa ƙuri'a. A jihar Misisifi, masu rajistar zaɓe cikin baƙar fata ba su kai kashi 7 cikin 100 ba a 1964, amma zuwa 1967 sun kusa kashi 60. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da jini aka same shi.

To amma mu 'yan kasuwa mun san wani abu. A ce maka ga ƙofar kasuwa a buɗe, shiga, daban yake da a ba ka rumfa da jari. Wanda ya gaji rumfa daga kakansa da wanda ya shigo jiya hannu rabbana, dokar kasuwa ɗaya ce a kansu, amma cinikinsu ba zai zo ɗaya ba.

Mutanen nan sun yi bauta kusan shekara 250 ba ko sisi. Da yaƙin basasarsu ya zo ƙarshe a 1865, Janar Sherman ya ba da umarni a yanka wa 'yantattun bayi gona har eka 40 kowane gida, amma kafin shekarar ta fita Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa iyayengijin da filayensu. Waɗanda suka yi ta fama suka tara da guminsu ma ba su tsira ba. A garin Tulsa akwai unguwar Greenwood, cike da kantuna da otal-otal da gidajen jarida, duk na baƙar fata. A 1921 gungun Turawa suka auka mata, suka kashe mutane, suka ƙone ta ƙurmus. Kamfanonin inshora suka ƙi biya. Duk wanda wuta ta taɓa cinye wa rumfa ya san abin da ake nufi.

Babban gurun kuwa shi ne gida. Daga wajen 1916 zuwa 1970, baƙar fata kimanin miliyan 6 suka bar kudu suka yi ƙaura zuwa birane irin su Cikago da Ditroit, aka cusa su a keɓaɓɓun unguwanni. A shekarun 1930 hukumomin gwamnati suka zana taswirar birane, suka shafa jan launi a kan waɗannan unguwanni, ma'ana kada banki ya ba da bashin gida a nan. Turawa kuwa gwamnati ta tsaya musu suka sayi gidaje da bashi mai sauƙi. A Amurka gida shi ne jarin talaka. Shi ake jinginarwa a buɗe kanti ko a biya kuɗin jami'a, shi ake bar wa magada. Har makarantar unguwa, kaso mai yawa na kuɗinta daga harajin gidajen wurin yake fitowa, saboda haka unguwar da gidajenta ba su da daraja, 'ya'yanta ma sun shiga uku.

Shugabanninsu sun gane haka tun da wuri. Malcolm X, wanda ya zo ƙasar nan ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan a 1964, ya sha nanata cewa su riƙe kasuwancin unguwanninsu da hannunsu. Martin Luther King kuwa, harbin da aka yi masa ran 4 ga Afrilu 1968 a Memfis, ya je ne mara wa leburori masu kwashe shara baya a yajin aikinsu. Mako guda bayan rasuwarsa aka sa hannu a dokar hana wariya a sayar da gida da haya.

Ga abin takaicin. A 1970 kimanin kashi 42 cikin 100 na iyalan baƙar fata ne ke zaune a gidan kansu. A 2019, bayan kusan shekara hamsin, adadin yana nan wajen kashi 42, na Turawa kuwa ya haura 70. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna matsakaicin iyalin Bature na da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa 44,900. A ganinmu dokar ta tsayar da ƙwacen ne kawai, ba ta mayar da abin da aka ƙwace ba.

Kai, har abin da aka samu ma ana ta zaftare shi. A 2013 Kotun Ƙoli ta karya wani ginshiƙi na dokar zaɓen 1965. A 2020 duniya ta kalli yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya cika. A 2023 kotun ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, hanyar da 'ya'yan baƙar fata da yawa suka bi suka sami karatu.

Mutanen Tulsa fa? Wasu tsofaffi mata biyu da suka tsira daga wutar 1921 suna yara, kowacce ta haura shekara 100, sun bi ƙarar neman diyya har kotun ƙolin jihar Oklahoma, ta kore ta a watan Yunin 2024. A 2025 magajin garin ya sanar da shirin tara asusun dala miliyan 105 don raya unguwar, amma ba kuɗin da za a danƙa wa wani a hannu ba ne.