Mene ne Ilmi? Jayayyar Malaman Ƙasar Hausa a kan Imanin Jama'a a Ƙarni na 18

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu duba yadda tambayar nan, wato mene ne ya cancanci a kira shi ilmi, ta zama abin jayayya a ƙasar Hausa kafin jihadin 1804.

Tushen maganar yana cikin littattafan tauhidi na Shehu Muhammadu Sanusi, malamin Tilimsana wanda ya rasu a 1490. Littafinsa Ummul Barahina ya bazu a makarantun zaure na Afirka ta Yamma, har aka juya shi zuwa Fulatanci da sunan Kabbe. A mazhabar da littafin ya bi, sani yana da sharuɗɗa uku: sakankancewar zuciya, dacewa da gaskiya, da kuma dalili. Wanda ya sakankance a kan gaskiya ba tare da dalili ba, shi ne muƙallidi, mai bin maganar wani. Tun zamanin Aflatun masana falsafa suke bambance sani da zaton da ya yi gamo da gaskiya.

To, wasu ɗaliban ilmin kalam sai suka kai wannan ƙa'ida maƙura. Suka riƙa yi wa jama'a tambayoyi a kan sifofin Allah da hujjojinsu, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Wannan ba ƙaramin hukunci ba ne, domin ya shafi halaccin auren mutum da cin yankansa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754-1817) ya yi raddi gare su a littattafai da dama, cikinsu har da Hisnul Afhami. Hujjarsa ita ce, hukuncin duniya a kan zahiri yake, kuma Annabi (SAW) ya karɓi musuluncin mutanen ƙauye ba tare da ya jarraba su da dalilan hankali ba. Manomin da ya dubi sama da ƙasa ya gane suna da Mahalicci, yana da dalili a dunƙule, ko da bai iya jera shi da lafuzzan malamai ba.

Abin lura a nan shi ne, Shehu bai zubar da darajar dalili ba. Ya dai raba tsakanin samun dalili da iya faɗinsa. A ganinmu, wannan rabewa ita ta ba shi damar karantar da talakawa da mata a cikin harsunansu, maimakon ya kore su daga da'irar masu sani.