Ido ba mudu ba ne: tarihin ƙananan samfura a fina-finan almarar kimiyya

Idan ka taɓa kallon fim ɗin Star Wars na 1977, za ka tuna ƙaton kumbon nan da ke ratsowa daga saman allo tun a farkon fim, yana ta wucewa kamar ba zai ƙare ba. To, abin da aka ajiye a gaban kyamara tsawonsa bai kai mita ɗaya ba. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tambayar ita ce, da me ido ke auna girman abu? Sai da masu fim suka yi shekaru suna gano amsar ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko shi ne mutum. Ido na kwatanta komai da tsayin ɗan Adam. A fim ɗin Metropolis da Fritz Lang ya fitar a Jamus a 1927, Eugen Schüfftan ya kafa madubi a karkace a gaban kyamara, yana nuno ƙaramin samfurin gini. Sai ya kankare bayan madubin a daidai inda ake son 'yan wasa su bayyana. Ta wannan kafar kyamara ke hango mutane can nesa, sauran madubin kuma na nuna samfurin. Da ka ga mutum ɗan mitsitsi a gindin gini, shi ke nan, ginin ya zama dogo a idonka.

Na biyu lokaci ne, kuma a nan lissafi ya shigo. Abin da ya faɗo daga tsayin mita 80 yakan ɗauki kusan daƙiƙa 4 kafin ya taɓa ƙasa. Idan ka ƙera samfurin ginin ka rage shi sau 16, tsayinsa mita 5 ke nan, kuma faɗuwar daƙiƙa 1 kacal za ta ɗauka. Nan take idonka zai ce wannan kayan wasan yara ne. Maganin shi ne a ƙara wa kyamara gudu. A sinima ana haska hoto 24 a daƙiƙa, don haka sai a ɗauki 96 a haska 24, faɗuwar ta koma daƙiƙa 4. Ka lura, ninki 4 aka yi, ba 16 ba: ana neman lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan ragin. Irin wannan dabarar Eiji Tsuburaya ya yi aiki da ita a Japan a fim ɗin Godzilla na 1954, inda wani mutum sanye da rigar dodo ya tattake birnin Tokyo da aka rage sau 25.

Na uku, kaifin hoto. Ɗauki hoton cokali da wayarka daga kusa, za ka ga bakinsa tar, bayansa dishi-dishi. Ƙwaƙwalwa ta san ƙananan abubuwa ne ke fitowa haka. Don samfuri ya fito tar daga kai har wutsiya, dole a tsuke ƙofar da haske ke shiga kyamara, in an tsuke kuma haske ya ragu. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, ma'aikatan Stanley Kubrick sun ƙera kumbo mai tsawon kusan mita 16, suka riƙa barin kyamara a buɗe na 'yan daƙiƙu don hoto ɗaya tak. Tsuburaya ya sa kyamara gudu, su kuma suka sa ta rarrafe, tunda a sararin samaniya ba abin da ke faɗowa ƙasa.

A 1975 George Lucas ya kafa kamfanin Industrial Light & Magic a Kalifoniya ta Amurka. A can John Dykstra da abokan aikinsa suka haɗa kyamarar da na'ura ke sarrafa motsinta. Samfurin na tsaye wuri ɗaya a gaban shuɗin bango, kyamarar ce ke shawagi, kuma tana iya maimaita motsi iri ɗaya sau da yawa ba kuskure. Daga baya a ɗora hotunan kan juna: kumbo daban, wutar injinsa daban, taurari daban. Jikin kumbon kuwa, ɓaraguzan tankokin yaƙi da motocin roba na wasa aka lilliƙa masa, saboda yawan ƙananan tarkace na sa ido ya ɗauka abu babba ne.

Saura nisa. Ka san yadda dutse mai nisa ke dusashewa a hazo. Samfurin da ke taku uku daga kyamara ba ya dusashewa, shi ya sa a fim ɗin Blade Runner na 1982 Douglas Trumbull da mutanensa suka cika ɗakin ɗauka da hayaki.

Ruwa da wuta ne suka ƙi ba da kai. Ɗigon ruwa yana da iyakar girmansa, ba ya raguwa don ka rage jirgi, kuma harshen wuta ma haka. Duk inda ka ga fantsamar ruwa ta yi wa jirgi girma a tsohon fim, asirin ne ya tonu.

Bayan Jurassic Park na 1993 kwamfuta ta fara karɓe aikin. Sashen ƙera samfura na kamfanin Lucas ya ɓalle ya zama kamfani mai zaman kansa a 2006, ya durƙushe a 2011. Sana'ar dai ba ta mutu ba. An yi amfani da samfura a Interstellar na 2014 da First Man na 2018, kuma dukansu sun ci kyautar Oscar a wannan fanni. Dalili ɗaya shi ne, haske na gaske a kan abu na gaske ba sai an lissafa shi ba. Ita kanta kwamfutar, waɗancan darussa na lokaci da kaifi da hazo ake koya mata.

Kana iya gwadawa yau. Wayoyi da yawa na ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa su haska 30, ninki 4 ke nan, daidai da ragi sau 16. Gina katangar ƙasa mai tsayin santimita 20, ka ajiye wayar a ƙasa daf da ita, ka rushe ta. Bisa lissafi, katanga mai sama da mita 3 za ka ga tana zubewa.