Trefoil: Tarihin Wani Kare da Gadon da Ya Bari

Gabatarwa

Bahaushe bai saba jin an kira kare gwarzo ba. Doki ne dabbar da yake yi wa kirari, har Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Dokin Iska Ɗan Filinge waƙar da ta daɗe a bakin jama'a. Amma a Birtaniya an yi wani kare, mai suna Trefoil, wanda aka rubuta salsalarsa kamar yadda ake rubuta ta sarakuna. Wannan maƙala za ta bi tarihinsa, domin akwai abin da makiyayin Nguru da na Gashuwa zai tsinta a ciki.

Asalin Irinsa

Trefoil ɗan irin karnukan da Turawa ke kira koli ne, wato karnukan kiwo na tsaunukan Sikotland da arewacin Ingila. Aikinsu shi ne tattaro tumaki daga kan duwatsu su koro su gida. Makiyayi bai damu da launin karensa ba, muddin yana jin fito, yana jure sanyi, kuma ba ya cizon ɗan rago.

Al'amarin ya fara sauyawa a 1859, lokacin da aka yi gasar nunin karnuka a Newcastle. A 1860 aka ware wa karnukan kiwo nasu rukuni a gasar Birmingham. Sha'awar da Sarauniya Biktoriya ta nuna wa koli kuwa ta sa attajirai suka shiga nemansa, ko da ba su mallaki tunkiya ko ɗaya ba.

Shekarar 1873

Abubuwa uku suka faru a wannan shekara. Na farko, S. E. Shirley da abokansa suka kafa Kennel Club, ƙungiyar da ke rajistar karnuka da tsara dokokin nuninsu. Na biyu, aka yi gasar kora tumaki a garin Bala na ƙasar Wels, inda aiki kaɗai ake dubawa. Na uku, aka haifi Trefoil a cikin karnukan shi Shirley ɗin. Daga nan hanya ta rabu biyu: ta masu son aiki da ta masu son kallo.

Trefoil baƙi ne mai ratsin fari da ja, ga doguwar suma mai sheƙi. Ya ci kyaututtuka har ya sami laƙabin zakara, amma girmansa na gaskiya a wajen haihuwa yake. An haɗa shi da Maude, 'yar wani shahararren kare mai suna Old Cockie, suka haifi Charlemagne a 1879. Jikan Charlemagne, wato Metchley Wonder, wanda aka haifa a 1886, an sayar da shi a kan kuɗin da bai gaza fam 500 ba, alhali leburan gona na lokacin ba ya samun fam ɗaya a mako. Ɗansa Christopher kuma aka ƙetare da shi Amurka. Marubuta tarihin wannan iri sun tafi a kan cewa duk wani koli na nuni da ke raye, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, ga Trefoil za ta tuƙe.

Gadon da Ya Bari

Gadon yana da fuska biyu. Ta fuskar suna, zuriyar ta cika duniya, musamman bayan fitowar fim ɗin Lassie Come Home a 1943. Ta fuskar aiki kuwa, da yake alƙalan gasa siffa suke dubawa, sai masu kiwo suka yi ta zaɓen dogon kai da yawan gashi, har kiwon tumaki ya koma hannun wani reshe dabam, wato zuriyar Old Hemp, wanda aka haifa a 1893. Shi wannan da aiki ya yi suna.

Bugu da ƙari, yawan komawa ga iyaye 'yan kaɗan ya sa duk wani aibin da ke cikin jini ya bazu. Akwai ciwon ido na gado da aka sa wa sunan koli saboda yawansa a cikinsu. Haka kuma, a 2001 masana a Jami'ar Jihar Washington suka gano naƙasar ƙwayar halitta da ke sa ivermectin, maganin tsutsar nan da makiyayanmu ke yi wa tumaki allurarsa, ya zama guba ga koli da dama idan an yawaita shi. Ba Trefoil ne ya ƙago waɗannan cututtuka ba. Ƙuntata iri ne ya ba su wurin yaɗuwa.

Kammalawa

Mu ba ma gasar karnuka, amma muna da tamu gasar. Tun da layin dogo ya iso Nguru a 1930 dabbobin wannan yanki suke tafiya kasuwannin nesa, kuma kowace Babbar Salla ido ne ke yanka wa rago farashi: tsayi, da ƙaho, da farin gashi. Balami da uda ba don kallo magabata suka zaɓe su ba. Sun zaɓe su ne don juriyar rani, da doguwar tafiya, da iya rainon 'ya'ya a ƙarancin ciyawa. Idan aka bar rago ɗaya yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa saboda girmansa kawai, ko kuma aka sayar da nagartattun aka bar ragowar su yi iri, to an kama hanyar da masu koli suka bi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kafin mai garke ya zaɓi ragon iri, ya kamata ya tambayi yadda uwarsa ta ci rani, sannan ya riƙa musanya rago da wani garken da ba su haɗa jini ba.