Yadda Wasan Kuka Ya Koma Wasan Dariya a Amurka

Melodirama, wato wasan kwaikwayon da ake raka shi da kiɗa domin sosa zukatan 'yan kallo, wanda a cikinsa mugu ba ya da ɗigon alheri, mutumin kirki kuma ba ya da tabo, ta kafu ne a gidajen wasa na Faris a ƙarshen ƙarni na 18, ta kuma shiga Ingila a 1802 da wasan Thomas Holcroft mai suna A Tale of Mystery. Daga nan ta tsallaka Amurka, inda aka fara nuna The Drunkard, ma'ana mashayi, a Boston a 1844, wasan da aka tsara domin jan kunnen jama'a game da illar giya, kuma 'yan kallon zamanin sun karɓe shi a matsayin wa'azi na gaske.

Da tafiya ta yi nisa, sai zuzutawar da ke cikin irin waɗannan wasanni ta fara ba mutane dariya, har masu tsara wasa Gilbert da Sullivan suka yi musu shaguɓe a wasansu Ruddigore a Landan a 1887. Amma abin da ya mayar da ba'ar sana'a mai zaman kanta ya faru ne a 1933, shekarar da Amurka ta soke dokar haramta giya, lokacin da gidan wasa na Theatre Mart a Los Angeles ya farfaɗo da The Drunkard, 'yan kallo suna zaune a tebura suna kurɓar giyar da wasan yake tsinewa, suna yi wa mugu ihu, suna yi wa jarumi tafi. An ci gaba da nuna shi har 1959, fiye da sau 9,000.

Ƙungiyoyin 'yan wasa na sa kai, waɗanda suke hawa dandamali don sha'awa kawai, sun rungumi salon saboda ba ya cin kuɗi, kuma tun da zuzutawa ita ce manufarsa, rashin gogewar ɗan wasa sai ya ƙara wa wasan armashi. Marubuta suka shiga tsara musu sababbin wasanni a kan tsohuwar siga: mugu mai doguwar baƙar hula da murɗaɗɗen gashin baki, da marainiyar da za a ƙwace wa gida saboda bashi, da jarumin da yake isowa ana dab da halaka ta. A birnin Tulsa na jihar Oklahoma, 'yan sa kai sun fara nuna The Drunkard a daren Asabar a 1953, al'adar da ta ɗore shekaru da dama.